Mai Ɗaukar Makara

Sai da makarar ta iso daidai ƙofar gidanta sannan ta gano mutumin da take nema.

An daɗe ƙungiyar 'yan unguwa tana farautar munafukin da ke kai wa dillalan gidaje rahoto. A unguwar tasu ta Bo-Kaap, da zarar wani dattijo ya rasu, kafin a share makoki dillalai sun kewaye magada, gidan ya koma masaukin 'yan yawon buɗe ido. Ita da ke shugabantar ƙungiyar ba wanda ba ta zarga ba. Mai shagon bakin layi ma ta daina amsa gaisuwarsa.

"Ke dai zargi zai kashe ki, Yaya," in ji ƙanwarta. "Ai har yanzu akwai na kirki. Dubi bawan Allahn can, ba ɗan unguwa ba ne, amma jana'iza ba ta wuce shi."

Ta duba. Maza na gangarowa da gawar, kowa kansa a sunkuye. Shi kaɗai idonsa ke sama, yana bin rufi da tagogi gida-gida, kamar mai zaɓen rago a kasuwa.

Da wani ya karɓe shi a ɗaukar makarar, ya ratso gefe, ya rusuna mata.

"Anti, yaya tarin nan? Na ji an ce ya matsa miki. Allah ya ƙara sauƙi."

Ba ita yake kallo ba. Tafin hannunsa na kan bangon gidanta, yana shafawa a hankali.