Bangon Majami'a

Da labari ya zo cewa Turawan mishan za su sauka ranar Asabar, dattijon majami'ar ƙauyen ya kira maƙwabcinsa, malamin Islamiyya, suka kwaɓa laka suka yi ta watsa wa bangon majami'ar.

"Baba, shekara goma sha biyu muna wannan aiki," in ji malamin. "Ka gaya musu rufi ne ke yoyo mana!"

"Na faɗa, Malam. Fenti kawai suka iya. In suka tarar da bango fes, me za su yi? Ba a kunyata baƙo."

Baƙin suka yi kwana bakwai suna wa'azi da shafa fenti, suka ɗauki hotuna, suka koma ƙasarsu suna hawaye.

Da damina ta kankama, aka wuni ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Dattijon ya fito, ya ƙwanƙwasa bango, ya ji kamar ganga. Ƙasar ginin duk ta zagwanye, ta bi ruwa hanyar Kabo. Fentin ne kaɗai a tsaye, yana riƙe da rufin.

Malamin ya zo ya duba bangon.

"Baba, baɗi ka ara mana su. Ajinmu ya tsage."