Injin Marigayiya

"Ina lambar injin, Baba?" jami'in binciken motoci ya tambaya, yana shafa ƙarfen da yatsa.

Tsohon ya sunkuya. Shekara tara ya yi a garejinsa yana harhaɗa motar nan daga sassan da aka aiko masa cikin akwatuna, har ta fito sak motar tsere ta shekarar 1965. Injin kuwa daga tsohuwar motar marigayiyar matarsa ya ciro shi. Hunturu guda ya ƙarar yana gurza shi da samfefa, sai da tsatsa ta tafi, ƙarfe ya koma madubi.

"A nan take," ya ce. "Na rantse a nan take."

"To, ka gurje ta tare da tsatsar. A dokar jiharmu, injin da aka share lambarsa na sata ne. Ba takardar mallaka, ba hawa titi."

"Ni zan saci injin matata? Shekara ashirin ta yi tana kai yaranmu makaranta da shi!"

"Ni na yarda, Baba, amma takarda ba ta da kunne. Sa wani injin ka dawo, nan take in sa hannu."

Wani injin? Ai don ya sake jin wannan ƙugin a kan hanya ya ƙera duk sauran.

Bayan jami'in ya tafi, tsohon ya sake leƙawa, ko zai tsinci inuwar lamba ɗaya. Ƙarfen ya yi sumul. Babu abin da ya nuna masa sai fuskar wanda ya goge ta.