Hamdiya Za Ta Senegal

Hamdiya na tattara kayanta a buron magajin garin Agiye, ofishin da take aiki, sai ga Rabilu, wanda zai aure ta, tsaye bakin ƙofa. Mata manoma sun zaɓe ta tafinta, wata huɗu a Senegal, shugabanta kuwa ya hana ta hutu.

"Kujerar nan ba za ta jira ki ba," in ji Rabilu. "Ga bikinmu da kaka."

Ta kafe shi da ido har ya sunkuyar da kai.

"Kujera ai katako ce, Rabilu. Tunda aka haife ni ban wuce Maraɗi ba. Tafiya babu fashi. Kai fa, za ka jira?"

Ya ɗago kai ya dube ta. Can ya miƙo hannu ya karɓi jakarta.

"Mu je, kar mota ta cika."