Malamar da Ajinta Ya Zo Na Ƙarshe

Tunda ka tambaye ni yadda ake gane cewa yaro ya koyi abu, zauna in ba ka misali. A wani gari an yi wata malama, shekararta goma sha bakwai tana riƙe da ajin 'yan shekara huɗu a makarantar renon yara. Wata shekara mai makarantar ya sayo kwamfutocin hannu ya raba wa azuzuwa biyu, nata da na wata matashiyar malama. A cikin na'urar akwai wasan ƙidaya: a nuna wa yaro mangwaro, ya taɓa lamba, in ya dace sai tauraro ya fito a yi masa tafi. Na'urar kuma tana tara taurarin kowane aji. Mai makaranta ya tara malamai ya ce daga yau an daina cika baki, ajin da taurarinsa suka gaza a ƙarshen zango, malamarsa ta nemi wani aikin.

Malamar ba ta ƙi na'urar ba, ta ma ji daɗin yadda yara ke nutsuwa a kanta. Sai wata rana ta kira yarinyar da ta fi kowa taurari, ta zuba mata ƙwallayen dabino a tabarma, ta ce ta miƙo mata uku. Yarinya ta dubi ƙwallaye, ta dubi malama, ta kwashe su duka ta zuba mata a hannu. Malama ta koma bayan yaran ta tsaya tana kallon yatsunsu, sai ta ga ashe ba ƙidaya suke yi ba, dannawa kawai suke yi nan da can har tafi ya fito. Daga ranar ta sauya tsari. Da safe a ƙidaya ƙwallaye da takalman da ke bakin ƙofa, a raba biskit tsakanin mutum uku a ga ko ya isa. Bayan hutun ƙarfe tara kuma ta miƙa musu na'urar, ta koya musu ɗaukar hoto, ta ce su fita tsakar gida kowa ya ɗauko mata hoton abu huɗu, ko biyu, ko biyar, ya dawo ya nuna wa 'yan'uwansa ya faɗi abin da ya gani. Wasan taurari ya koma minti goma a rana, shi ma tana zaune a gefensu, sai yaro ya ƙidaya da baki kafin ya taɓa.

Ba a daɗe ba taurarin ajinta suka yi ƙasa. Mai makaranta ya kira ta ofis ya ajiye mata takarda, ajinta ko rabin na makwabciyarta bai kai ba. Ya ce, "Malama, zamani ya wuce ki, ni kuma ba na iya jira." Ta san da wannan aikin take ciyar da 'ya'yanta huɗu tun rasuwar mijinta, kuma ta san in ta saki yaran su yi ta dannawa mako biyu, za ta kamo kowa. Duk da haka ta ce, "Alhaji, ka yi mini haƙuri zuwa ranar da mai duba makarantu za ta zo. Abin da ta gani, na yarda da shi."

Mai dubawa ta zo ranar Laraba, dattijuwa ce mai ɗingishi, da kwandon goruba a hannun direbanta. Aka miƙa mata takardar taurari, ta sa a jaka ba ta buɗe ba. Ta fara da ajin matashiyar, ta zauna a tabarma ta juye goruba, tana kiran yara ɗaya bayan ɗaya tana cewa a ba ta huɗu. Wasu suka ba ta biyu, wasu suka cika mata cinya, wani ya sa yatsa ya danna goruba ɗaya ya tsaya yana jira. Da ta shiga ajin malamar, yaron farko ya ƙidaya huɗu ya miƙa. Ta ɓoye ɗaya a bayanta ta ce saura nawa, ya ce uku, ɗaya kuma yana bayanki. Haka ta bi su ashirin da biyu, uku kaɗai suka yi tuntuɓe, su ma suka gyara da kansu. Wata yarinya ta ɗauko na'ura ta nuna mata hoton awakin makwabta, ta ce uku ake gani amma huɗu ne, ɗaya ta shiga bayan katanga, ga wutsiyarta nan. Dattijuwa ta yi dariya har ta share hawaye, ta juya ga mai makaranta ta ce a duk makarantun da ta zaga bana, nan ne kaɗai ta ga yara na aiki da na'ura, sauran na'ura ce ke aiki da su.

Kafin a tashi, mai makaranta ya tako har ƙofar ajin ya ba malamar haƙuri a gaban kowa, ya ɗora ta a kan sashen ƙananan yara gaba ɗaya. Matashiyar ma ba a kore ta ba, don malamar ce ta roƙa a bar mata ita, suka zauna tare suna tsara darasin gobe. Da sabon zango ya kama, sai da aka buɗe aji na uku saboda iyayen da suka yi layi da 'ya'yansu.

To kai da za ka buɗe taka makarantar, sayi na'ura in kana da hali, amma ka riƙa zama a tabarma kana tambayar yaro da bakinka. Hausawa sun riga sun faɗa: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.