Ranar da Kawu Ya Murɗa Rediyo

Ina aji huɗu a firamare aka mayar da Baba aikin asibiti a Kebbe, mu kuwa muna Tambuwal, sai mu daɗe ba mu sa shi a ido ba. Wata rana ya aiko ɗan kabu-kabu ya ce in kasa kunne ranar Juma'a da la'asar, zai gaishe ni a filin gaishe-gaishe na rediyo.

Tun azahar na yi wanka na zauna gaban rediyon Inna. An fara kiran sunaye ke nan sai ga Kawu, ƙanen Inna, sabon malamin kimiyya, ya shigo da zumuɗinsa. Ya ɗauki rediyon ya murɗa, tasha ta ɓace, sai shuuu.

"Ɗiyata, mi kika ji?"

"Ban ji komi ba, Kawu, mai da ita!"

"Saurara dai. Cikin wagga ƙara akwai ɗan ragowar zahin farkon halittar sammai. Tun babu rana babu wata ta taso, sai yau ta iso kunnenki."

Inna ta ce, "To ta ƙara haƙuri kaɗan mana, tunda ta saba da tahiya."

Ko a jikinsa. Ya shiga bayanin yadda sararin samaniya ke buɗewa, tarin taurari na nisantar juna, ni kuwa ina jan rigarsa ina hawaye. Ko da ya mayar da tashar, ana kiɗan rufe fili. Sai maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga: "Kin ji gaisuwar babanki? Har da kirari aka yi miki!"

Na girma na karanta, na san gaskiya Kawu ya faɗa. Amma ƙarar nan kullum tana nan, safe da yamma, ba ta zuwa ko'ina. Duk ranakun Allah, sai wannan la'asar ya zaɓa.