Guzurin Gwauro

"Bai isa ba tukuna," in ji Zuwaira, ta mayar da murfin kwalla.

Ɗahiru ya haɗiye takaici. Kaka uku ke nan yana kawo mata ajiyar kuɗin gyaɗarsa, yana tara guzurin tafiya ci-rani, don duk Ƙafin Maiyaƙi ita kaɗai ta taɓa zama a Kumasi, kafin mijinta ya rasu ta dawo gida tana sayar da fura. Ita ta san abin da zai kai gwauro can, ya riƙe shi har ya kama sana'a.

Ran kasuwa sai ga abokinsa Sabo ya dawo daga Kumasin, a kan sabon keke. Ɗahiru ya zarce wajen Zuwaira yana huci.

"Ki ji tsoron Allah! Sabo da kuɗin jaki ɗaya ya tafi. Nawa kuwa ya kusa sayen jaki biyu!"

Ta ci gaba da damun furarta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Na mutum ɗaya ai tun bara ya isa," ta ce. "Na mutum biyu ne saura kaɗan. Ka je ka gai da Baffana, ya gaji da jiranka."