Billen Tasalla

Tun da aka hana nuna tamoji a fim, tsofaffin 'yan wasan Kano suka koma sayen sabuwar fata. Hajiya Tasalla, wadda ta shekara arba'in a harkar, ta sha rantsewa ita man kaɗanya kawai take shafawa.

Ran Juma'a ta je gaida mahaifiyarta a Gwale. Da ta tsuguna alwala, matan gidan suka zuba mata ido, don an ce sabuwar fata ba ta jiƙa. Ta juya musu baya.

Inna ta daɗe da makancewa, da hannu take gane mutane. Ta shafa goshin Tasalla, ta gangaro kumatu, tana laluben billen da wanzami ya tsaga mata ranar suna. Babu shi.

"Inna, ni ce fa, Tasalla."

"Muryarta ce kam," in ji tsohuwar, ta janye hannunta. "Baiwar Allah, in kin ga 'yata, ki ce ta zo. Na kusa tafiya."

Hawaye ya zubo wa Tasalla, ya gangare bai jiƙa kuncinta ba.